Kwano Bakwai da Kujerar Malam Yahuza

Duk wanda ya san Malam Yahuza mai turka yana yaro a Tafoki, in da ka nuna masa shi shekara uku da suka wuce, sai ya ce ka sake dubawa. Siriri ne a da, har uwarsa takan naɗa masa mazagin wando sau biyu kafin ya zauna a ƙugu. Ubansa manomi ne mai shanun huɗa biyu, kuma a hannunsa Yahuza ya koyi sana'ar da ta riƙe shi har yau, wato ya ɗauki dabbar da ake ƙirga haƙarƙarinta daga nesa ya mayar da ita abin kallo. Da ya auri Barakatu sai ya dawo Yankara kusa da kasuwa, ya kafa turaku huɗu a bayan gida. Shekara ashirin da shida yana sayen ramammun shanu, ya ɗaure su wuri ɗaya, ya dinga tura musu dusa da harawa da kowar wake da angurya, ya jiƙa musu kanwa. Cikin wata huɗu sai ka ga tozo ya rinjaya gefe.

Ba a taɓa jin san Yahuza ya ƙi ƙiba ba. Mai shanun ma bai ƙi ba.

Da fari abin yabo ne. Dillalai suna cewa su mai sa suke fara dubawa kafin san, kuma Yahuza ya fi kowace shaida. Mutanen Tafoki in sun zo cin kasuwa sai su koma gida da labarin cewa ɗan gidan wane ya samu hutu, wuya ya cika, Allah ya buɗa masa. Sai kuma gonarsa ta cikin daji ta gagari zuwa, saboda 'yan bindiga, abin da kowa a yankin ya sani ba sai an faɗa ba. Daga nan tafiyarsa ta duniya ta koma uku: gida zuwa turke, turke zuwa masallaci, masallaci zuwa ƙofar gidan Alhaji Mas'udu. In ka haɗa su duka ba su kai nisan jifa biyu ba.

Wata la'asar ya kai goshi ƙasa a raka'ar farko, liman ya ɗago, jama'a suka ɗago, shi bai ɗago ba. Gwiwoyi suka ce iyakarsu ke nan. Sai da aka sallame mutum biyu suka kama shi ta hammata. Washegari ya zo da farar kujerar roba. Liman ya kwantar masa da hankali, ya ce sallar zaune ga mai lalura ladanta cikakke ne, kuma Yahuza bai yi musu ba. Amma wurin kujera shi ne ƙarshen sahu, can waje inda tabarma ta ƙare sai yashi, kuma maƙwabcinsa a sahu shi ne Baba Zailani, tsohon da ya doshi shekara casa'in, wanda yake sauka ya tashi kamar bai san akwai gwiwa a jikin mutum ba. Yahuza yana da hamsin da biyu. Jama'a su faɗi sujada, shi ya sunkuyar da kai a iska, goshinsa bai taɓa komai ba. Cikin shekara guda tabon sallar da ke goshinsa ya fara dusashewa. Abin yana cin ransa ƙwarai, kuma bai gaya wa kowa ba.

Barakatu ce ta matsa masa ya je asibiti a Faskari. Malamar asibitin, wata yarinya mai suna Ikhlas, ta ɗora shi a sikeli, ta duba, ta sauke shi, ta sake ɗora shi don ta tabbatar ba sikelin ne ya lalace ba. Kilo ɗari da goma sha takwas. Buhun masara da ɗoriya.

"Baba, gwiwar nan ba ta da laihi," in ji ta. "Kaya ne sunka yi mata yawa. Mi kake ci?"

Ya lissafa mata tsakaninsa da Allah. Koko da ƙosai uku da safe. Fura da rana.

"Da dare hwa?"

"Sai ɗan abin da aka taɓa da jama'a, ɗiyata."

Ta rubuta, tana mamakin yadda mutum zai kai haka da koko da fura. Shi kuwa ya fito da zuciya fara, domin a ganinsa bai ɓoye komai ba.

Ɗan abin da ake taɓawa da jama'a shi ne ciyayya. Magidanta bakwai ne, shekara ashirin suna haɗuwa bayan magariba a ƙofar gidan Alhaji Mas'udu, kowa a kawo kwanon tuwo daga gidansa, a jera, a ci tare. Wannan ba baƙon abu ba ne a ko'ina. Abin da ya bambanta tasu unguwar shi ne dokar da ba wanda ya kafa kuma ba wanda ya isa ya karya: in kwano ya koma gida, matar gida murfi take fara ɗagawa kafin ta yi wa mijinta sannu da zuwa. In a suɗe yake, gida lafiya. In da saura, to a ranar maigida zai yi bayanin tuwon wa aka ci aka bar nata, da dalili.

Sauran shidan nan kuwa, Allah ya yi su marasa ci. Ɗanliti tela loma huɗu yake yi ya ce alhamdu lillahi. Alhaji Mas'udu yana fama da gyambon ciki. Kowa ya ɗan taɓa, ya wanke hannu, sannan a fara turo kwanoni gefe ɗaya.

"Malam Yahuza, rufa mana asiri."

Sai ya gyara zama ya rufa. Tuwon dawa da miyar kuka, tuwon masara da busasshiyar kuɓewa, dambu, ɗanwake mai ninƙaya a cikin mai, duk ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma ba kowa kalmar yabon da zai kai gida. Shekara ashirin ba a yi yaji a gida bakwai ɗin nan saboda tuwo ba, kuma Yahuza ya san aikinsa ne. Shi bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ci ba. Aikin lada ne. Mutum ba ya zuwa gaban malamar asibiti ya lissafa ladansa.

Saboda haka aka shiga neman magani a inda ba nan ciwon yake ba. Barakatu ta rage ƙosai daga uku zuwa ɗaya, ta cire sukari daga fura. Wani ya ce ruwan ɗumi da lemun tsami kafin fitowar rana yana narkar da kitse, Yahuza ya sha na wata biyu, abin da ya narke kawai haƙoransa ne. Ranar kasuwa wani mai mota da lasifika ya zo da shayin rage tumbi, da hoton mutum biyu, ɗaya ƙato ɗaya siriri, yana rantsuwa mutum ɗaya ne, ko da yake ɗaya baƙi ne ɗaya fari. Yahuza ya saya. Shayin ya yi aiki, ba a musu, domin kwana uku bai yi nisa da banɗaki ba, ya fito idanu sun zurma, tumbi yana nan inda aka bar shi. Harisu, ɗan ƙanensa da ke aiki a Kaduna, ya bugo waya ya ce masu ilimi yanzu sun gano nama da ƙwai ba sa sa ƙiba, hatsi ne abokin gaba. Yahuza ya karɓi rabin farko na wannan ilimi hannu biyu, ya ƙara tsire da dafaffen ƙwai a kan abin da yake ci.

Wadda ta fi duka ita ce dabarar azumi. Ya ɗauki Litinin da Alhamis, ga lada ga rage jiki. Ba wanda ya tuna cewa shan ruwa da ciyayya lokacinsu ɗaya. Mutumin da yake gamawa da kwano bakwai a ƙoshe, sai ga shi an sako shi a kansu da yunwar wuni guda.

Da ya koma asibiti bayan wata biyar, sikeli ya ce ɗari da ashirin da ɗaya. Wannan karon Malama Ikhlas ta ajiye biro, ta ce ya ba ta labarin jama'ar nan da abin da ake taɓawa, kwano kwano. Ya ba ta, har da alfahari. Ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, abincin gida bakwai kake ci."

"Ba ci ba ne, ɗiyata. Zumunci ne."

"To gwiwarka ba ta san zumunci ba. Kwano guda, shi ma rabi. In ba haka ba kujerar nan kai da ita har abada."

Maganar ta shige shi. Ran nan da aka turo kwanoni, sai ya ce ya ƙoshi. Aka yi dariya, aka jira, aka ga da gaske yake. Kwano shida suka koma gida da saura, karo na farko cikin shekara ashirin. Matar Ɗanliti ba ta yi masa magana ba sai da rana ta take. Hajiya Talatu, matar Alhaji Mas'udu, wadda miyarta ta yi suna har garin Sabuwa, ta yanke hukuncin cewa hannunta ne ya fara mutuwa, ta sa aka yanka zakara. Sauran mata da suka ji, kowace ta ce ba za a bar ta a baya ba. Kwana uku Yahuza yana zaune gaban abincin da ko ranar Sallah ba a yi irinsa, man shanu yana kwance a kan miya, shi yana haɗiyar yawu. A rana ta huɗu Alhaji Mas'udu ya matso kusa da shi, murya ƙasa ƙasa.

"Malam Yahuza, don girman Allah. Gidana ba shi zaunuwa. Ko rabi ne."

Yahuza mutum ne mai tausayi. Bai tsaya a rabi ba.

Bayan kwana biyu Barakatu ta same shi da yamma a bayan gida, zaune a kan turmi kusa da wani jan sa, yana shafa goshi. Ita ce dai take auna dusar shanun nan tun ranar da aka kafa turaku, ko da yake sunansa ne ya fita. Ta tambaye shi lafiya. Sai ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

"Tsoro nike ji, Barakatu. Kada in mutu ban sake kai goshina ƙasa ba."

Ta ajiye mudun dusa. Ta dubi san, ta dube shi.

"Malam, in an kawo maka sa an ce ya yi ƙiba da yawa, a maida shi huɗa, lemun tsami za ka ba shi?"

"Wane irin lemu? Sai ka rage mashi komi, ka kwance shi daga turke shi riƙa tahiya. Amma ba ka cika mashi komi ka ce shi yi haƙuri ba. Dabba ba ta haƙuri da abin da ke gabanta."

"To," in ji ta.

Ya ci gaba da yi mata bayanin shanu, yana jin daɗin an tambaye shi abin da ya sani. Gwanin turka na Yankara bai ga inda maganar ta dosa ba.

Abin da ya faru washegari sai daga baya ya ji. Da hantsi Barakatu ta sa hijabi, ta ɗauki farar kujerar daga zaure, ta nufi gidan Alhaji Mas'udu. Ta yi sallama, ta dasa kujerar a tsakar gida, ta zauna a ƙasa kusa da ita. Hajiya Talatu ta ce ai da ta zauna a kai, tunda ta sha wahalar ɗauko ta.

"Ba tawa ba ce, Hajiya. Ta Malam ce. A kanta shike sallah, yau shekara biyu. Ba shi iya sujada."

Hajiya Talatu ta saki muciyar da ke hannunta.

"Shekara biyu? Alhaji bai taɓa hwaɗa mani ba."

Bai taɓa ba kuwa. Matan unguwar ba sa sallah a wannan masallaci, ba su taɓa ganin ƙarshen sahu ba. Mazan da suke ganinsa sau biyar a rana, su ne suke turo kwano da magariba, kuma kullum suna kai wa matansu rahoton abin da Malam Yahuza ya ce game da miya, kalma kalma. Maganar kujera ce dai ba wanda ya ga ta isa a kai gida.

"Ni na zaci lada nike samu," in ji Hajiya Talatu, idonta ya kawo ruwa. "Ashe ni ke danne bawan Allah."

Ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar langa da ba ta fi a zuba wa mara lafiya ba. Sannan ta sa nata hijabin, ta ce kujerar ita za ta ɗauka zuwa sauran gidajen, domin in ita ta shiga da ita ba wadda za ta yi gardama.

Da magariba aka jera 'yan langogi bakwai a ƙofar gidan Alhaji Mas'udu. Biyu ma kwaɗon zogale ne da na rama. Magidanta suka dubi juna. Aka ci, kuma abin al'ajabi, marasa cin nan shida suka gama da komai da kansu, ba abin da ya rage da za a turo wa kowa. Yahuza ya samu loma kaɗan, ya zauna yana jiran a ce ya rufa asiri, ba wanda ya ce. Ɗanliti ya koma gida da niyyar faɗa, matarsa ta ɗaga murfi, ta nuna masa cikin langa fes, ta ce to me kuma ake nema. Shekara ashirin suna koya wa matansu cewa kwano a suɗe shi ne zaman lafiya, yanzu ba su da bakin ƙara.

Abin bai tsaya nan ba. Barakatu ta wayi gari da ciwon baya na musamman, wanda ba ya hana ta daka ko wanki, sai dai ɗauko harawa daga bakin gari da kai shanu shan ruwa. Dole mai shanu ya tashi. Ranar farko ya huta sau shida a hanya. Ya yi wata guda yana fushi da ita, da matan unguwa, da malamar asibiti, da Harisu ma da ba ruwansa. Yunwa ta sa shi faɗa da akuya. Sau biyu aka gan shi yana zagaya teburin mai tsire kamar yana neman wani abu da ya faɗi, amma ya wuce.

Jiki ya fara sauka, gari ya shiga aikinsa. Wasu suka ce ciwon suga ne, wasu suka ce jifa ne daga abokan sana'a, mutanen Tafoki suka kai labari gida cewa karayar arziki ta samu ɗan gidan wane. Mai shayin rage tumbi da ya dawo cin kasuwa ya nuna shi da yatsa ta lasifika, ya ce ga shaida nan tana tafiya da ƙafarta, ya sayar da kwali biyu a ranar. Ba wanda ya ambaci langa. A wata na tara sikelin Malama Ikhlas ya ce casa'in da bakwai, ta tambaye shi wane tsari ya bi don ta gaya wa wasu. Ya ce shi dai bai bi komai ba, bin sa aka yi.

Duk da haka bai daina zuwa da kujera ba. Tsoro yake ji. Ya tuna hannayen da suka kama shi ta hammata a gaban jama'a, ba ya son a sake.

Wata la'asar ce, irin waccan. Ya tsaya a ƙarshen sahu, kujera a bayansa, Baba Zailani a gefensa. Aka yi ruku'u, aka ɗago. Liman ya yi kabbarar sujada. Yahuza ya kai hannu baya zai jawo kujera kamar kullum, sai kawai ya fasa. Gwiwar dama ta sauka tana ƙara, ta hagu ta bi, tafin hannu ya taɓa yashi mai ɗumi, sannan goshi. Ya manta yadda ƙasa take da ƙamshi. Ya yi tasbihi uku, ya ƙara uku, hawaye suna zuba cikin yashin, ba ya son ɗagowa. Da liman ya ɗago shi ma ya ɗago, a makare, yana nishi, amma ba wanda ya taɓa shi. Haka ya yi raka'a huɗu.

Da aka sallame, Baba Zailani ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Sannu da zuwa," ya ci gaba da jan carbinsa. Alhaji Mas'udu ya zo ya riƙe masa hannu, ya ce, "Malam Yahuza, ƙasa a goshinka. Share."

Bai share ba. Ya bar kujerar a jingine da bangon masallaci, ya taka zuwa gida a hankali, kai a miƙe don kada ƙasar ta zube. Barakatu tana bayan gida tana auna dusa. Ya yi sallama, ya tsaya a gabanta. Ta ɗago za ta tambaye shi ina kujera, sai idonta ya sauka a goshinsa. Mudun ya karkace a hannunta, dusa tana zuba a ƙasa, ba ta kula ba.

"Kada ka share, Malam," in ji ta. "Zauna nan. Bari in kira su Hajiya. Su ba su taɓa ganin ƙarshen sahu ba."

Ta figi hijabi ta fita. Malam Yahuza mai turka, mai shekara hamsin da huɗu, ya zauna a kan turmi a bayan gidansa, gumi yana gangaro masa, ya ƙi kai hannu fuska, yana jiran mata shida su zo su ga ƙasa a goshinsa.